Yadda Ake Haɗa Talabijin na HD da Na'urar Sauti ta Gida

Tambayar da ta fi yawan fitowa daga bakin waɗanda suka sayi sabon talabijin da na'urar sauti mai lasifikoki da yawa kusan iri ɗaya ce: an jona wayoyi duka, hoto ya fito, amma sauti yana ci gaba da fita daga jikin talabijin ɗin, ko kuma lasifikokin gaba ne kaɗai suke aiki, na baya sun yi tsit. Galibi babu abin da ya lalace. Ko dai an soka kebul a ramin da ba nasa ba, ko kuwa akwai wani saiti da ba a kunna ba, domin jona wayoyi rabin aikin ne kawai, sauran rabin yana cikin saitin na'urorin. Matakan da ke ƙasa suna bin tsarin da ya kamata a bi, kuma yana da kyau kada a tsallake ɗaya zuwa wani. Rubutun da ke jikin na'urori da cikin saitinsu an kawo shi yadda za a gan shi, domin a iya gane shi da ido.

Mataki na 1: A fara da bayan na'urori

Kafin a sayi ko da kebul ɗaya, a juya talabijin a haska bayansa da tocila, a ɗauki hotonsa da wayar hannu, domin da zarar an rataye shi a bango karanta ƙananan rubutun nan zai yi wuya. Abin da ake nema shi ne ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC (sabon salon ARC) a gefensa. Talabijin yana iya zuwa da ramukan HDMI uku ko huɗu, amma guda ɗaya ne kacal yake iya mayar da sauti zuwa na'urar sauti, sauran kuwa karɓa kawai suke yi. A lura kuma ko akwai ƙaramin rami mai murfi da aka rubuta Optical ko Digital Audio Out.

Sai a duba na'urar sautin. Iri uku ne suka fi yawa: amfilifaya mai zaman kanta da ake kira AV Receiver, wadda ake jona wa lasifikoki ɗaya bayan ɗaya, doguwar lasifikar nan ta Soundbar da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, da kuma wadda take zuwa a kwali ɗaya tare da lasifikokinta biyar da wufa, wato babbar lasifikar da ke fitar da rugugi. A kowacce a nemi ramin da aka rubuta HDMI OUT tare da ARC ko eARC. Daga nan a ƙirga na'urorin da za a jona, wato dikoda, na'urar wasan bidiyo, na'urar faifai da makamantansu, domin adadinsu ne zai nuna yawan kebul ɗin da ake buƙata.

Mataki na 2: Kayan aiki da inda kuɗi ya kamata su tafi

Ana buƙatar kebul na HDMI ɗaya ga kowace na'ura, da ƙarin ɗaya tsakanin talabijin da amfilifaya; wayar lasifika; kebul mai kan RCA na wufa; filaya ko abin feɗe waya; tef ɗin awo; farin tef da biro domin yi wa wayoyi alama; da soket mai kariya daga hauhawar wuta.

Kebul na HDMI daraja-daraja ne, kuma darajar tana rubuce a jikin kwalinsa. High Speed yana ɗaukar hoton 1080p ba tare da matsala ba. Premium High Speed, mai gigabit 18 a daƙiƙa, shi ne ake buƙata domin hoton 4K mai HDR, wato tsarin da ke ƙara fito da bambancin haske da duhu. Ultra High Speed, mai gigabit 48, na masu sababbin na'urorin wasa ne da ke fitar da 4K a 120Hz. Kebul ɗin da zai ɗauki eARC kuwa ya kasance Ultra High Speed ko wanda aka rubuta with Ethernet a kwalinsa. Bayan wannan, tsadar kebul ba ta ƙara wa hoto kyau ko kaɗan, domin saƙon dijital ne, ko dai ya isa lafiya ko ya riƙa yankewa. Kan zinariya da kauri da kwali mai sheƙi ado ne kawai. Inda kuɗi suke da amfani shi ne soket mai kariya na ƙwarai, da ƙarfen rataye mai ƙarfi, da wayar lasifika ta jan ƙarfe zalla.

Gargaɗi: idan nisan ya wuce kimanin mita 5, kebul na HDMI na yau da kullum yana iya gaza ɗaukar 4K. A irin wannan hali ana amfani da kebul mai zaren gilashi, kuma shi yana da gaba da baya: kan da aka rubuta Source yana shiga na'urar da ke ba da hoto, wanda aka rubuta Display ko TV yana shiga talabijin. Idan aka juya shi babu abin da zai fito, saboda haka a gwada shi a fili kafin a binne shi a bango ko a bi da shi ta silin.

Mataki na 3: Wurin talabijin da na lasifikoki

Tsakiyar fuskar talabijin ta kasance daidai da idon mai kallo yana zaune. Kuskuren da aka fi yi shi ne rataye shi can sama kamar agogon bango, sai a wayi gari wuya yana ciwo bayan kallon fim ɗaya. Game da nisa, ga hoton 1080p ana zama a tazarar da ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na girman fuskar. Talabijin mai inci 55 kusan santimita 140 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ke nan kujera za ta kasance tsakanin mita 2 da mita 3 da rabi. Mai 4K yana ba da damar a matso fiye da haka. Idan ratayewa za a yi, a auna tazarar ramuka huɗun da ke bayan talabijin, misali milimita 200 da 200 ko 400 da 400, a sayi ƙarfen da ya dace da su kuma yake iya ɗaukar nauyinsa.

A tsarin 5.1, wato lasifikoki biyar da wufa ɗaya, kujerar da aka fi zama a kai ita ce ma'auni. Lasifikar tsakiya, wadda take ɗauke da yawancin muryoyin masu magana, tana zama dab da ƙasan talabijin ko samansa, a bakin kantar da aka ɗora ta a kai, ba can cikin lungu ba, tana fuskantar mai kallo. Ta hagu da ta dama suna zama a gefe biyu na talabijin, nisansu ɗaya daga kujera, kowacce ta karkata daga tsakiya da digiri 22 zuwa 30, a daidai tsayin kunne. Biyun da ake kira na baya, a gaskiya na gefe ne: wurinsu digiri 90 zuwa 110 ne, wato daura da kafaɗun mai zama ko ɗan baya kaɗan, kuma sama da kunne kaɗan. Jera lasifikoki biyar ɗin duka a kan kanta ɗaya kusa da talabijin asarar kuɗi ce, gara a ce biyu aka saya masu kyau.

Gargaɗi: amfilifaya tana zafi sosai. A bar mata sarari a sama da gefe, kada a ɗora dikoda a kan ramukan iskarta, kada kuma a rufe ta a cikin kabad marar iska.

Mataki na 4: Jona wayoyin lasifika

A zare filogin kowace na'ura daga wuta kafin a taɓa waya. A auna kowace waya ta hanyar da za ta bi da gaske, wato gefen bango da bayan kujera, a ƙara rabin mita domin samun sakewa, sannan a manna tef a kawunanta biyu a rubuta sunan lasifikar da take zuwa. Waya mai lamba 16 AWG, kimanin murabba'in milimita 1.3, ta isa ga yawancin ɗakuna. Idan nisan ya doshi mita 15 a koma 14 AWG, domin a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri.

A feɗe kimanin santimita ɗaya na robar, a murɗe siraran wayoyin su dunƙule wuri ɗaya, a sassauta maɗaurin, a tura wayar, a ɗaure, sannan a ɗan ja ta a tabbatar ta kama. Jan maɗauri na amfilifaya yana tafiya ga jan maɗauri na lasifika, baƙi ga baƙi. Kowace waya tana da alamar da ke bambanta ɓangarorinta biyu, ko layi, ko rubutu, ko wani ɗan tudu da ake ji da yatsa, kuma a riƙe ɓangaren mai alama a matsayin ja a ko'ina. Idan aka juya ta a lasifika ɗaya ba abin da zai ƙone, sai dai rugugi zai ragu, muryoyi kuma su rasa takamaiman wurin fitowa, kuma mutum yana iya shafe watanni yana zargin na'urar alhali waya ɗaya ce a juye.

Gargaɗi: ko da siririn zare ɗaya na jan ƙarfe ne ya tsallaka ya taɓa maɗaurin da ke kusa ko jikin amfilifaya, za ta riƙa kashe kanta ko ta nuna Protect. A bi maɗauran ɗaya bayan ɗaya da tocila kafin a ba da wuta.

Gargaɗi na biyu: a duba adadin ohm da ke bayan lasifika, 4 ko 6 ko 8, a kwatanta da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya. Lasifikokin da suke zuwa a kwali ɗaya da na'urarsu sau da yawa ohm 3 ne, kuma jona su a wata amfilifaya daban yana iya sa ta zafi fiye da kima. Haka nan kada a haɗa lasifikoki biyu a maɗauri ɗaya domin neman ƙarin ƙara.

Mataki na 5: Wufa

Wufa mai filoginta na wuta ana jona ta da kebul ɗaya mai kan RCA, daga ramin Subwoofer Pre Out na amfilifaya zuwa ramin LFE ko Line In na wufar. A bayanta a ajiye maɓallin ƙara a tsakiya, na Phase a 0, na Crossover kuma, wato iyakar da ke raba rugugi da sauran sauti, a kai shi ƙarshe ko a sa shi a LFE, domin amfilifaya ce za ta yi rabon sautin. Wufar da ba ta da filogi tana da nata maɗaurin waya a na'urar da suka zo tare, kuma ba ta aiki da ramin Pre Out.

Wurin ajiye ta yana canja sauti fiye da yadda ake zato. A kusurwar ɗaki rugugi yana ƙaruwa amma yakan zama gunji marar tsabta. Dabarar da ta fi sauƙi, bayan an gama haɗa komai, ita ce a ɗora wufar a kan kujerar zama, a kunna kiɗa mai rugugi, a zaga ɗakin a sunkuye ana saurare a gefen bango. Inda aka ji sautin ya fi cika da tsabta, nan ne wurinta.

Mataki na 6: Haɗin HDMI

Nan ne ake yanke shawarar da ta fi muhimmanci, wato wace na'ura ce za ta zama mahaɗar sauran. Hanya biyu ce.

Hanya ta farko: dikoda da na'urar wasa da na'urar faifai duk su shiga ramukan HDMI IN na amfilifaya, sannan kebul ɗaya ya fita daga HDMI OUT zuwa ramin ARC na talabijin. Hoto yana hawa ta wannan kebul, sautin manhajojin cikin talabijin irin su Netflix da YouTube kuma yana saukowa ta cikinsa. Wannan ce ta fi dacewa idan amfilifayar ta kai talabijin zamani, domin tana karɓar sauti kai tsaye ba tare da an rage shi ba.

Hanya ta biyu: na'urorin duka su shiga talabijin, sannan ramin ARC ya kai sauti ga amfilifaya ko Soundbar. Ita ake bi idan talabijin 4K ne amma amfilifayar tsohuwa ce, domin hoton 4K na fina-finai yana buƙatar kowace na'ura da ya ratsa ta kasance tana da kariyar HDCP 2.2, in ba haka ba fuska ta yi baƙi ko hoto ya sauka zuwa 1080p. Ita ce kuma mafita idan na'urar wasa tana fitar da 120Hz amma amfilifaya ba ta iya wucewa da shi. Illarta ita ce ARC na asali ba ya ɗaukar fiye da sitiriyo, Dolby Digital da DTS, sai Dolby Digital Plus a talabijin da yawa. Cikakken sauti irin Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio sai da eARC a ɓangarorin biyu. Idan ɗaya eARC ne ɗaya ARC, za su yi aiki, amma a matakin ARC. Akwai kuma talabijin da sam ba sa wucewa da DTS, abin da ke sa wasu faifai su yi shiru ta wannan hanya.

Idan babu ARC a ɗaya daga cikinsu, sai a koma ga kebul na Optical. A cire ƙananan murafun roba da ke kawunansa biyu, domin mutane da dama suna ƙoƙarin tura shi da murfin a kai, a daidaita siffarsa da ta ramin, a tura har a ji ya ce ƙas. Kada a lanƙwasa shi sosai, haske ne ke bi ta cikinsa. Yana ɗaukar Dolby Digital 5.1, amma ba ya ɗaukar Atmos, tsarin Dolby mai kawo sauti har daga sama, kuma rimot ɗin talabijin ba zai sarrafa ƙara ta cikinsa ba. Tsohuwar na'ura mai ramukan ja da fari kaɗai tana buƙatar ɗan akwatin da ke mayar da Optical zuwa RCA, kuma dole a sa sautin talabijin a PCM, in ba haka ba shiru ko ƙarar shuuu za a ji.

Gargaɗi: kebul mai kai uku, rawaya da ja da fari, ba ya ɗaukar hoton HD ko da dikodar ta HD ce. Duk na'urar da take da HDMI a yi amfani da shi.

Mataki na 7: Ba da wuta da saitin talabijin

A kunna talabijin tukuna, sannan amfilifaya, sannan sauran. A cikin saitin talabijin abubuwa huɗu za a taɓa, kuma a bi su a jere.

Na farko, a kunna CEC, tsarin da ke ba na'urori damar yi wa juna umarni ta HDMI, wanda ARC yakan ƙi aiki idan babu shi. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, Viera Link a Panasonic, EasyLink a Philips. A amfilifaya ma a kunna HDMI Control da ARC, domin wasu suna zuwa da su a kashe. Na biyu, a shiga Sound Output a ɗauke sauti daga TV Speaker zuwa na'urar waje. Na uku, idan akwai eARC a sa shi a Auto ko On. Na huɗu, wanda shi ne ke hana lasifikokin baya magana a gidaje da yawa, shi ne Digital Audio Output: idan yana kan PCM, ARC da Optical sauti mai hanya biyu kawai za su kai, don haka a mayar da shi Auto, Bitstream ko Pass Through. Dikoda da na'urar wasa ma suna da irin wannan saiti nasu, kuma a duba kowacce.

Mataki na 8: Daidaita lasifikoki

Yawancin amfilifaya suna zuwa da ɗan makirufo na awo: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, AccuEQ a Onkyo. A kafa makirufon a wurin da kan mai zama yake kasancewa, bakinsa yana kallon sama, a kan wani abu tsayayye, ba a hannu ba kuma ba a kwance a kan kushin ba. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe ƙofa, a kauce daga tsakanin makirufo da lasifikoki. Sautin gwajin yana da ƙarfi, a sanar da mutanen gida.

Bayan ta gama a duba sakamakon, kada a karɓa ido rufe. Sau da yawa na'urar takan sa lasifikokin gaba a Large. Idan akwai wufa a mayar da su Small, a sa Crossover a 80Hz, ko 100 zuwa 120 idan ƙanana ne ainun. Hakan yana sauke musu nauyin rugugi ya koma kan wufa, su kuma su fi fitar da murya tsaf. Idan an ga nisan wufa ya fi na zahiri a bar shi, domin jinkirin da ke cikinta ne na'urar ta lissafa. Wanda ba shi da makirufo sai ya auna nisan kowace lasifika da tef ya shigar da hannu, tunda sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, sannan ya kunna Test Tone ya daidaita har ƙararsu ta zo ɗaya daga kujera. Idan muryoyi suna nutsewa cikin kiɗa da ƙarar fim, a ƙara wa lasifikar tsakiya desibel 2 ko 3 maimakon ɗaga ƙarar gaba ɗaya.

Mataki na 9: Hoto

A tabbatar talabijin yana kan Home Mode, domin Store Mode na baje koli ne, haskensa ya yi yawa. A dikoda a sa fitar hoto a 1080i ko 1080p, ko 2160p idan ta 4K ce. Domin HDR ya yi aiki, talabijin da yawa suna buƙatar a buɗe ramin da aka jona: Input Signal Plus a Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Enhanced Format a Sony. Yanayin Movie, Cinema ko Filmmaker Mode ya fi Vivid kusa da launin gaskiya, ko da yake da farko ido yakan ga kamar ya dushe. Ramin na'urar wasa kuma a sa shi a Game Mode domin rage jinkiri.

Mataki na 10: Gwaji da gyaran matsaloli

A gwada da fim ɗin da aka tabbatar 5.1 ne, a kalli fuskar amfilifaya: idan ta rubuta Dolby Digital, DD+ ko Atmos, haɗi ya yi, idan PCM 2.0 ko Stereo ta nuna, a koma mataki na 7. Labarai da yawancin bidiyon YouTube sitiriyo ne tun asali, shirun lasifikokin baya a kansu ba lalacewa ba ne, kuma mai son su yi magana sai ya kunna Dolby Surround ko DTS Neural:X.

Idan ARC ya ƙi ba da sauti duk da saiti ya yi daidai, a zare filogin talabijin da na amfilifaya daga bango na minti ɗaya ko biyu, a cire duk sauran kebul na HDMI, a mayar da na ARC kaɗai, a kunna, sannan a riƙa mayar da sauran ɗaya-ɗaya. Sau da yawa wata na'ura ce guda take rikita CEC, kuma a kanta ne sautin zai sake ɗaukewa. Idan murya tana riga motsin baki, a ƙara Audio Delay ko Lip Sync da milisakan 10 zuwa 20 a kowane gwaji. Idan kuwa muryar ce take makara, a mayar da jinkirin sifili a gwada Pass Through. Hoton da ke ƙiftawa ko yake fitar da ƙananan fararen ɗigo alamar kebul ne da ya gaza, a canja shi da gajere mai darajar da ta dace. Gunjin da ba ya yankewa a wufa yakan fito ne daga bambancin layin ƙasa na wuta: a jona duk na'urorin a soket ɗaya, sannan a cire wayar eriya ko ta dish daga dikoda a saurara. Idan gunjin ya tsaya, ana sa ɗan abin da ake kira Ground Loop Isolator, wanda ya dace da irin layin, kuma kada a kuskura a karya ƙafar ƙasa ta filogi domin kashe gunji, saboda ita ce kariyar mutum daga jan wuta.